Ranar da Aka Share Gareji

Garejin a jikin katangar jami'a yake, ta baya, ɓangaren da malamai da manyan baƙi ba sa bi. Ba wanda ya ba kanikawa wurin, ba kuma wanda ya taɓa cewa su tashi. Ƙasar wajen ta sha baƙin mai har ciyawa ta haƙura da ita. Akwai matattun motoci da masu su suka ce jibi za su dawo, ga su nan har kaji sun fara ƙwai a kujerar direba. Masu kawo aiki kuwa direbobin bas ne da 'yan tasi, waɗanda motarsu ba ta yin sallama kafin ta lalace, sai dai ka hango an turo ta kwandasta yana haki.

A farkon layin, daidai inda titi ya yi kwana, nan rumfar Kawu Mai Faci take. Shi ya fara kafa sanda a wurin tun katangar tana waya. Rumfar kwano ce da ta karkace gefe guda. A gabanta tulin tsofaffin tayoyi ya fi mutum tsawo, ga rabin duro cike da baƙin ruwa da yake tsoma tiyub ya ga inda kumfa ke fita, ga injin iska da sai an zage shi yake tashi. Kowa Kawu yake ce masa, amma kawun gaskiya na mutum ɗaya ne, wato Ciyaman, shugaban kanikawan wurin. Yayan mahaifiyarsa ne. Shi ya ɗauko shi daga gida yana saurayi ba sana'a, ya damƙa shi hannun wani bakanike, ya riƙa ci da shi daga bakin duron nan har hannunsa ya faɗa.

Ciyaman ba mugun mutum ba ne. Abinsa ɗaya, yana son a ce an yi abu da tsari, kuma ba ya son a raina na ƙarƙashinsa. Yana da rigar zuwa taro a cikin leda, a rataye a ƙusa bayan ƙofar shagonsa. Ranar da wani maigadi ya zagayo ya ce ana nemansa a sashen injiniya, sai da ya wanke hannu da fetur, ya sake wankewa da sabulu, sannan ya sauke ledar.

Wadda ta aika a kira shi wata malama ce da ake ce wa Dakta, mace mai saurin magana, teburinta cike da takardu har ba wurin ajiye kofi. Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce jami'a za ta buɗe sabuwar ƙofa ta baya, daidai inda suke. Masu kula da gine-gine sun so a tashe su kawai, ita da wasu malamai suka ce ba a yi wa maƙwabci haka. Shi ne aka amince a yi haɗin gwiwa: ɗalibai su riƙa koyon aikin hannu wurin kanikawa, jami'a kuma ta gina musu wurin aiki na zamani a cikin katanga.

"Amma kafin a zana ginin za mu zo mu ga yadda kuke aiki," in ji ta. "Laraba mai zuwa. Don Allah kada ku canza komai. Yadda kuke kullum muke son gani."

"Ba komai, ranki ya daɗe."

Ya ji maganar sarai. Sai dai a saninsa duk baƙon kirki haka yake cewa, kada a wahala, kada a yi komai. Wanda ya ɗauki wannan da gaske har baƙo ya tarar da shi cikin shara, shi ne bai san mutunci ba.

Da ya koma ya tara mutanensa a inuwar katanga ya ba su labari. Mai Walda, wanda bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "To yanzu wanka za mu yi ke nan?"

"Kai dai ka fara tun yau, wataƙila ka fita kafin Laraba," in ji Ciyaman.

Aka yi dariya, aka kama aiki. Ba a taɓa ganin kanikawan nan sun haɗa kai irin na wannan makon ba. Aka ja matattun motoci zuwa wani fili bayan masu buga bulo. Aka kawo yashi aka rufe baƙin mai. Aka gaya wa direbobin bas cewa ranar Laraba ko giyar mota ce ta zube su nemi wani wuri. Matar da ke sayar musu da abinci aka ce ta koma lungu da tukwanenta. Don kada baƙi su tarar da wuri fayau, aka aro ƙananan motoci masu sheƙi daga unguwa, ta mai kantin magani, ta wani ɗan kasuwa, ta surukin Mai Fenti, aka jera su aka ɗaga bonet.

Saura rumfar Kawu. Ita ce farkon abin da ido zai faɗa wa in an shawo kwana. Ciyaman ya yi ta zagaye maganar har ranar Talata da la'asar, sannan ya je ya tsuguna kusa da duron.

"Kawu, gobe ka huta mana. Ƙafar nan taka ma tana son hutu."

Tsohon yana goga tiyub da wani guntun ƙarfe, bai ɗago ba. "Ƙafar ce ta aiko ka?"

"Manyan mutane ne za su zo, har da masu ɗaukar hoto. Tayoyin nan ne, ka san ba su da kyan gani."

"Tayoyin, ko mai tayoyin?"

"Haba Kawu."

"Ai ba faɗa na yi ba, ɗan nan. Tambaya ce." Ya shafa gam, ya hura, ya manna facin, ya danne da babban yatsa. "Yini ɗaya ne ko?"

"Yini ɗaya. Alhamis da safe ni da kaina zan dawo maka da komai."

Kuma bai saɓa ba. Alhamis da safe shi ya jera tayoyin da hannunsa, har ya canza wa duron ruwa.

Ranar Laraba dai farar motar jami'a ta sauke Dakta da ɗalibanta. Suka tarar da layi tas, kowane bakanike cikin wankakken kayan aiki, sifanu a jere kan tsumma kamar za a sayar. Ɗaliban suka baje igiyar awo, suka auna faɗin kowane shago, suka auna tsayin motocin da suka gani, suka yi ta tambaya suna rubutawa. Dakta ta tsaya a kwanar, inda aka kwance rumfar aka share wurin, ta dubi yashin da ke ƙarƙashin takalminta.

"Ciyaman, kullum haka wurin yake?"

"Kullum, ranki ya daɗe. Muna ƙoƙari."

Ana cikin haka wata bas ta shawo kwana tana ɗingishi, tayar baya ta kwanta. Direban ya rage gudu yana waige-waige. Mai Walda ya yi masa alama da hannu ta bayan baƙi, ya wuce, ya wuce. Bas ɗin ta ja ƙafa ta yi gaba. Kafin azahar farar mota ta kwashe baƙi. Ciyaman ya koma gida ransa fes, ya ce wa matarsa yau sun fita kunya.

Daga nan aka shiga zaman kwamiti. Ɗaki ne mai sanyi da dogon tebur, kowa da gorar ruwa a gabansa. Daga gareji shi kaɗai ake gayyata, an ma ajiye masa kujera kusa da Darakta mai kula da gine-gine. Yawancin maganar da harshen makaranta ake yi, in an yi nisa sai wani ya tuna ya juyo ya taƙaita masa. Ranar da aka haska zanen ginin a bango, shi dai layuka ya gani da 'yan akwatuna. Ya san ciki da wajen kowane inji, amma bai taɓa karanta gini a bango ba, kuma bai ga ta yadda zai ce a gaban mutanen nan bai gane ba.

"Ciyaman, ka gamsu?" in ji Darakta.

"Ma sha Allah. Ya yi."

Maganar Kawu ta zo masa har baki. Amma ta ina zai fara? Ya ce akwai wani dattijo da suka kawar don kada a gan shi? Ya lallashi kansa cewa ai ba a gina gareji ba wurin faci, masu ilimi sun fi shi sanin wannan. In ma an manta, zai samu Dakta ita kaɗai wata rana. Ranar ta yi ta matsawa gaba, ana ta ɗora bulo.

Sai da aka yi rufi aka kira kanikawa su zaga su ga wurinsu. Gini ne mai kyau, ba ƙarya. Ƙasa siminti mai santsi, ga ramin duba mota da matakala, ga famfo, ga fitilu. A saman kowane shago an rubuta sana'ar mai shi. Mai Walda ya bi layin daga farko har ƙarshe hannunsa a baya, ya dawo, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar shigowa.

"Ciyaman, wannan ƙofar bas za ta shiga kuwa, ko sai ta rusuna?"

Ɗalibin da ke zagayawa da su ya ce an yi ta ne daidai tsayin motocin da aka auna. Ya ƙara da cewa dama motar haya ba ta shiga harabar jami'a.

"To. Ina kuma shagon Kawu?"

"Wane ne Kawu?" in ji ɗalibin.

Duk suka juya suna duban Ciyaman, har waɗanda suka ɗauki tayoyin a kansu ranar Talatar nan.

Washegari ya je ofishin Dakta sanye da kayan aikinsa, ko ledar bai taɓa ba. Ya faɗa mata komai, yashin, motocin aro, bas ɗin da aka kora, rumfar da aka kwance. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kun ɓoye mutum?"

"Ba ɓoyewa ba ce, ranki ya daɗe. Gyara muka yi."

"Ai na roƙe ku kada ku canza komai."

"Kin roƙa. Amma ke, in aka ce miki ranar Laraba shugaban jami'a zai shigo ofishin nan da masu hoto, takardun nan haka za ki bar su?"

Ta dubi teburin.

Ya ce, "Laifina ne, ban zo in raba shi da kowa ba. Sai dai da kin biyo ta wurin wata rana ba sanarwa, ko ki zauna a bencinmu ki sha rana, da kin ga Kawu. Shekarunsa a jikin katangarku sun fi na yaran da suka zo da igiyar awo."

"Yini ɗaya aka ba mu mota," in ji ta a hankali. "Amma ina da ƙafa. Tashi mu je."

Suka je wurin Darakta. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Dakta ta zayyana masa komai. Ta ce kusurwa ɗaya ta isa, ko rumfa ce a jikin ginin ta waje. Darakta ya saurara yana juya biro. Ya ce zane ya riga ya wuce, waɗanda suka tallafa wa aikin sun ga rahoto sun yaba, kuma rahoton Dakta ce da kanta ta rubuta shi. In yau aka ce an manta mutum ɗaya, gobe rabin unguwa za su zo su ce su ma kawar da su aka yi. Ban da haka tsohuwar taya tara ruwa take, ta tara sauro, ba za a jibge ta inda ɗalibai ke wucewa ba.

"Amma tunda dattijo ne," in ji shi, "a kawo shi ranar buɗewa. Mu zaunar da shi a gaba, mu karrama shi."

A kan matakala Dakta ta ce za ta sake rubutawa sama. Ta rubuta kuwa, har sau da dama. Ciyaman ya ga kwafin da idonsa. Amsa ce dai ba ta zo ba, ranar tashi kuma ta zo.

Ciyaman ya tarar da Kawu yana kwance injin iska daga kan katakon da ya ɗaure shi. Wani ya riga shi kai labari, dama a gareji magana ba ta kwana.

"Kawu, ka zo ka zauna a shagona. Wuri ne babba."

"In zauna in yi me? In riƙa miƙo maka sifana?"

"Sun ce ranar buɗewa za su karrama ka. Kujerar gaba."

"Ranar da suka zo ganin masu aiki an ce in huta. Ranar da za su ga masu hutu kuma an ce in zo." Ya yi 'yar dariya, ya ja igiyar ya ɗaure. "Ka gode musu. Kama min nan."

Ya kama. Suka ɗora injin a baro, suka ɗora jak da ƙarafunan cire taya. Tayoyin da rabin duron Kawu ya ce a bar su, ba inda zai kai su. Gidansa a wani lungu yake da mota ba ta shiga. A ƙofar gidan ya kafa injin, yanzu keke yake wa faci, da baro, da ƙwallon yaran unguwa. Mahaifiyar Ciyaman, ƙanwar Kawu, ba ta yi masa faɗa ba. Ya je gaishe ta ta amsa, ta tambayi yara, ta tambayi sabon wurin aiki, ta ce, "An ce har da famfo." Daga nan ta juya ta ci gaba da ninke wanki. Da ta zage shi da ya fi samun barci.

Aka buɗe sabon gareji da jawabai da tafi. Hoton Ciyaman yana gaisawa da shugaban jami'a yana nan a bangon sashen injiniya. Ɗalibai suna zuwa, kuma yaran kirki ne, suna koyo. Aiki dai sai motocin malamai, su kuwa ba kullum suke lalacewa ba. Direbobin bas sun koma wani wuri can bakin gari. Mai Walda bai daɗe ba ya kwashe kayansa ya bi su, ya ce shi bai iya zama a wuri mai tsabta da yunwa ba. Dakta takan leƙo, yanzu a ƙafa take zuwa kuma ba ta faɗin rana. Takan zauna a benci su yi hira. Sunan Kawu ba ya fitowa, amma duk su biyun sun san yana zaune a tsakaninsu.

Bayan damina ƙafar Kawu ta matsa masa, Ciyaman ya ɗauko shi a babur zai kai shi asibiti. Hanyar ta sabuwar ƙofar jami'a ta bi. Ya so ya ƙara wuta su wuce, sai ya ji an taɓa kafaɗarsa.

"Tsaya."

Ya tsaya. Inda layin garejin yake a da, yanzu ciyawa ce kore shar da furanni. Masu lambun jami'a ba su yar da tayoyin ba. Sun yanka su, sun binne rabi a ƙasa, sun shafa musu farin fenti, sun jera su gefen furannin tun daga kwana har bakin ƙofa. Rabin duron ma yana nan, fari fat, an dasa wata 'yar bishiya a ciki.

Kawu bai sauka ba. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Waccan mai faɗin ta tirela ce. A kanta nake zama in ci abinci." Ya gyara zaman ƙafarsa mai ciwo. "Ashe fenti kawai suke so. Da ka sani ranar nan ai da ka shafa mana, ni da su, ka bar mu a wurin."

Ciyaman ya buɗe baki zai yi dariya don ya taya shi, dariyar ta ƙi fitowa.

Sai ga wata bas ta shawo kwana a hankali, tayar gaba tana lanƙwashewa. Ta tsaya daidai inda rumfar take a da. Kwandasta ya diro ya duba dama, ya duba hagu, ya tsaya yana kallon furanni. Daga bakin ƙofa maigadi ya busa usur yana kaɗa hannu, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ciyaman ya ji jikin tsohon ya motsa a bayansa kamar zai sauka, sannan ya koma ya zauna.

"Mu je, ɗan nan," in ji Kawu. "Kada layin asibiti ya yi mana tsawo."